Karatun bai taɓa ba ni wuya ba

Ina da shekara 31 aka gaya mini sunan abin da nake tare da shi tun haihuwa. A lokacin ina shekara ta biyu a digirin digirgir a Ingila. Na riga na yi digiri biyu a Najeriya da sakamako mai kyau, na kama aiki a wurare biyu, na bar duka biyun ban iya gaya wa kowa dalili ba, don ni ma ban sani ba. Likitar ta yi zama uku da ni, ta sa aka kira mahaifiyata a waya don ta ji yadda nake ina ƙarama, sannan ta ce otizim ne.

Kafin ranar ina da wasu sunayen. Miskila ya fi yawa. Wasu su ce girman kai, wasu su ce iyayi, wata 'yar ajinmu kuma ta taɓa gaya mini a fuskata cewa miskili ya fi mahaukaci ban haushi. Ban ba ta amsa ba, domin a lokacin ina can ina ƙoƙarin gane ko wasa take yi ko da gaske take, kuma kafin in gama har ta wuce.

Kafafen labarai na Hausa sukan fassara otizim da galahanga. Na fahimci dalilinsu, dole a sami kalma. Amma da an ce galahanga, abin da ke zuwa a ran mai sauraro shi ne yaron da ba ya magana, ba ya iya yi wa kansa komai. Ba wanda zai kawo yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu: yadda mutum ke fahimtar magana da mu'amala, yadda ƙara da haske da taɓawa ke shigarsa, da yadda yake buƙatar abubuwa su tafi a kan tsarin da ya sani. Ba aljanu ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Mujallar likitanci ta Lancet da ta buga wancan zargin na allurar rigakafi a 1998 ita da kanta ta janye shi a 2010. Wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana otizim a 1943 daga yara 11 da ya gani, daga baya wata likita, Lorna Wing, ta nuna cewa abin yana da faɗi, wani ba ya furta kalma, wani yana koyarwa a jami'a. A Amurka ƙididdigar da aka fitar a 2025 ta ce yaro ɗaya cikin 31 masu shekara takwas. Yaran nan girma suke yi. Da yawansu suna zaune a ɗakunan lacca yanzu haka, a can da nan, wasu da suna, wasu ba suna.

Ni a digirina na farko littafi bai taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne duk abin da ke kewaye da littafin. Ɗakin lacca mai ɗaukar mutum 300 an cusa masa sun haura 600, lasifika tana ƙugi, fanka tana kaɗawa da ƙara, kowa yana magana lokaci guda. Nakan zo da awa guda kafin lokaci in kama kujerar gefe kusa da ƙofa, in toshe kunne ɗaya da yatsa in riƙa rubutu da ɗaya hannun. Idan na koma ɗaki sai in ja bargo in rufe kaina har duhu ya yi. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne canjin lokaci. Malami zai gaya wa wakilin aji a baki cewa gwajin Alhamis ya dawo Talata, labari ya bi ta bakin ƙawaye, ni kuma ba na cikin kowane rukuni. Sau biyu na rasa gwaji a haka. Da na je ba da haƙuri, malamin ya ce, “Ke kaɗai ce ba ki ji ba?” Na ce, “Eh, Malam, ni kaɗai ce.” Gaskiya na faɗa, shi kuma ya ɗauke ta rashin kunya.

A nan Ingila, mako biyu bayan an ba ni takardar likita, wata ma'aikaciya a ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman ta zaunar da ni, ta rage hasken fitila ba tare da na roƙa ba, ta ajiye takarda a gabanta ta ce in gaya mata abin da ke hana ni aiki. Na yi shiru mai tsawo. Shekara goma sha wani abu ina jami'a, ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Abin da muka rubuta bai cika shafi guda ba. Malamin da ke duba aikina zai riƙa turo mini abin da muka tsayar a rubuce bayan kowane zama. Za a mayar da teburina kusurwa, nesa da ƙofa. Ranar kare kundi za a riƙa yi mini tambaya ɗaya-ɗaya, a ba ni hutu a tsakani. Da na fara koyar da 'yan aji ɗaya na ga nasu: ana sa takardun lacca a intanet kafin a shiga aji, ana naɗar laccar, mai buƙata ya rubuta jarrabawa a ƙaramin ɗaki da ƙarin lokaci.

Ba alfarma aka yi mini ba. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ce ta wajabta wa jami'a da ma'aikata su yi gyaran da ya dace ga mai naƙasa, tun kafin ita ma Ingila ta yi doka a kan otizim kaɗai a 2009, wadda ta tilasta wa gwamnati fitar da tsari don manya masu shi. Akwai tallafin kuɗi na gwamnati ga ɗalibai masu naƙasa, amma ni baƙuwa ce, bai shafe ni ba. Na faɗi wannan da gangan: duk abin da ya canza mini rayuwa a jami'ar nan, babu wanda ya ci kuɗin a zo a gani.

Kada wanda ke gida ya ji wannan ya ɗauka aljanna ce. Wata 14 na yi ina jiran a duba ni, alhali ƙa'idar da hukumar lafiyarsu ta shimfiɗa mako 13 ne. A 2024 waɗanda ke kan layin jira a Ingila sun haura 200,000. Sannan akwai abin da takarda ba ta yi. A jami'ata ta farko ina da abokiyar ɗaki wadda ba ta taɓa jin kalmar otizim ba, amma ta lura. Bayan gwaji na biyu da na rasa, kullum da dare sai ta ce, “Zo in gaya miki abin da aka ce yau,” ta zayyano mini canje-canjen, ta kuma fassara mini abin da mutane suke nufi. Idan ta ga na kwana biyu ban fita ba, ba ta tambaya, zama take yi a bakin gado har in tashi. A nan na taɓa yin kwana tara ban yi magana da kowa ba, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Haƙƙina yana rubuce a fayil, amma sai na tashi na cike fom na aika saƙo kafin ya motsa, kuma ranar da na fi buƙatarsa ita ce ranar da ba na iya aika saƙo.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, zan zaɓi inda aka rubuta. Abokiyar ɗakina sa'a ce Allah ya ba ni. Ba kowa ke dacewa da irinta ba, kuma bai kamata karatun mutum ya rataya a kan sa'a ba.

Inda ƙasashen biyu suka haɗu shi ne bakin ƙofar aiki, kuma nan ne na fi jin zafin abin. Jami'a tana auna abin da ka sani. Neman aiki yana auna yadda kake sayar da kanka cikin minti 30 a gaban baƙi. Binciken da Robert Buckland ya jagoranta wa gwamnatin Birtaniya, wanda ya fito a Fabrairun 2024, ya ce kusan uku ne kawai cikin goma na masu otizim da suka isa aiki suke aiki. Ya kuma ce cikin waɗanda suka gama digiri, kashi 36 cikin 100 ne ke samun cikakken aiki wata 15 bayan kammalawa. Wannan a ƙasar da ke da dokokin da na ambata ke nan.

Na ga yadda abin ke faruwa da idona. A ganawar neman aiki ta farko da na yi a nan, aka ce in ba su labarin kaina. Ban san iyakar tambayar ba, sai na fara daga digirin farko, ina bi daki-daki don kada in bar wani abu. Ina ƙoƙarin kallon idon mai tambaya kamar yadda na karanta ana so, kuma duk lokacin da na kalli idon sai zaren maganar ya tsinke mini. Suka tambaye ni ko na ƙware a wata manhaja, na ce na iya kashi biyu cikin uku na abin da take yi, domin haka ne. Ban samu ba. Wajen da nake yanzu sun turo mini tambayoyin kwana biyu kafin ganawa, suka ba ni tarin alƙaluma na gaske suka ce in gano kuskuren da ke ciki. Na gano wanda suka saka da gangan, na kuma gano wani da ba su san da shi ba. Ni ce dai wadda aka ƙi a waccan ganawar ta farko, wata shida kacal tsakani.

Wani masani mai otizim, Damian Milton, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu ce: yadda muke kasa karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta mu. Bambancin shi ne mu ake kora daga aiki a kan hakan. Wasu kamfanoni sun gane. SAP ya buɗe shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft ya bi a 2015, inda suka maye gurbin ganawar baki da gwajin aiki na kwanaki. Na yaba, amma ina da ƙorafi: ya sa mutane suna zaton dukanmu gwanayen kwamfuta ne. Temple Grandin, mai otizim kuma farfesa a jami'ar jihar Kolorado a Amurka, a kan dabbobi ta yi suna, ta tsara hanyoyin da shanu ke bi a mayanka ba tare da sun firgita ba. Akwai masu otizim a koyarwa, a jinya, a ɗinki, a kanikanci. Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa yin digiri ko aikin albashi ba, suna buƙatar mai kula da su dare da rana, kuma ba na yarda a ɗauki irina a yi ma'auni a ce su sun gaza.

A gida ƙofar ta fi ƙunci, domin aiki yakan biyo ta sanayya, ta wanda ka iya bi ka gaisar, ka tuna masa, ka sake komawa. Wannan ita ce ainihin fasahar da ba mu da ita. Doka kuwa akwai. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati, aka kafa hukumar kula da su a 2020. Amma wanda naƙasarsa ba ta ganuwa, da wace takarda zai je? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma abin da ake da shi na otizim galibi yara ya fuskanta. Babba mai digiri da ya ce yana da shi, abin da zai fara ji shi ne, “Kai da kake magana lafiya lau?”

Na san abin da malamin jami'a zai ce mini: ina da ɗalibi 600, albashi bai isa ba, wa zan ware wa kulawa? Ban ce ya ware ba. Ya rubuta canjin lokaci ya aika wa ajin gaba ɗaya, da waya a hannunsa. Ya faɗi abin da yake so a aikin gida a fili, shafi nawa, ranar yaushe. Idan ɗalibi ya roƙi ya yi aikin rukuni shi kaɗai, ko ya sa abin toshe kunne a aji, ya tambaye shi dalili kafin ya yanke masa hukunci. Biyun farko duka 600 ɗin za su amfana. Haka mai ɗaukar ma'aikata: ya ba mutum aikin ya gwada, ya ga abin da hannunsa zai yi.

Ɗan yayata ya sami gurbin karatun injiniya bana. An gano nasa yana shekara tara, mahaifiyarsa ta sha wuya kafin ta sami mai dubawa. Ya kira ni a makon jiya ya ce, “Anti, in gaya musu ko in yi shiru?” Na gaya masa gaskiya, cewa akwai malamin da zai taimaka, akwai wanda zai raina shi, kuma shi ke da ikon zaɓar wanda zai gaya wa. Muka zauna a waya muka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashensu. Ya so ya fara da ba da haƙuri, na ce ya goge. Abu uku ya nema: kujerar gaba a gefe, sanarwa a rubuce, da izinin naɗar lacca a wayarsa. Ya ce ranar Litinin zai kai da kansa, ya kuma tambaye ni ƙarfe nawa ya kamata ya je, da abin da zai faɗa idan ya tarar da mutane a ofishin. Muka rubuta wannan ma.