Jiragen Ingila uku da suka tarwatse a Jutland: ni dai ban ɗora wa maƙera laifin ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen gumurzun Jutland na ranar 31 ga Mayun 1916, wanda jiragen yaƙin ruwan Ingila da na Jamus suka yi a kusa da gaɓar Denmark a Yaƙin Duniya na Ɗaya, bakin mutane ɗaya ne: wai jiragen Ingila sulkensu ba kauri, shi ya sa uku suka tashi kamar an kunna musu ashana. Wannan magana ba ƙarya ba ce, amma ta yi arha, kuma ta wanke waɗanda ya kamata a tuhuma.

A 1906 Ingila ta saki jirgin yaƙi Dreadnought a ruwa, da manyan igwa goma masu faɗin baki inci 12 da sulke mai kaurin inci 11 a kwiɓinsa. Amma zuciyar Admiral Fisher, shugaban sojojin ruwansu a lokacin, tana kan wani samfurin dabam: jirgi mai igwa irin ta Dreadnought, a rage masa sulke, a ƙara masa gudu. Haka aka samu jirage samfurin Invincible a 1908, igwa takwas, sulke inci 6 kacal, gudun kusan kilomita 46 a awa. Dabarar ita ce wanda ya fi shi ƙarfi ba ya iya cim masa, wanda yake iya cim masa kuma ba ya iya ja da shi.

Kuma dabarar ta ci. A Disambar 1914, a kusa da tsibiran Falkland, Invincible da Inflexible suka bi jiragen Jamus Scharnhorst da Gneisenau, suka tsaya daga nesa suna yi musu ruwan wuta har suka nutse. Aikin da aka ƙera su dominsa ke nan, farautar ƙananan jirage. Daga baya ne aka sa su a sahun gaba suna musayar wuta da tsararrakinsu, don kawai igwarsu babba ce.

Yanzu ku shigo cikin ɗakin igwa ku gani. Albarushi yana can ƙasa a rumbunsa, ƙarƙashin ruwa, ana hawo da shi ta wani dogon rami, da ƙofofi a tsakani don kada wuta ta bi ta sauka. Jiragen Admiral Beatty, kwamandan jiragen nan masu gudu, suna zaune a tashar Rosyth ta Scotland, inda babu isasshen filin koyon harbi, saitinsu ya yi rauni, sai suka koma taƙama da saurin harbi. Don a yi sauri, aka riƙa fiddo albarushi daga gwangwaninsa tun kafin a buƙace shi, ana jibge shi a hanya, ƙofofi a buɗe. Albarushin nan kuwa a jakar siliki yake. Harsashi ɗaya ya fasa rufin ɗakin igwa, wuta ta samu hanya har rumbu.

A Jutland, Indefatigable ya tashi, ba a yi rabin awa ba Queen Mary ya bi shi, zuwa yamma Invincible ya rabe biyu, mutum shida kawai aka tsamo daga cikin sama da dubu. Jimilla fiye da mutum 3,000 a jirage uku.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce Lion, jirgin da Beatty kansa yake ciki. Shi ma harsashi ya yaye rufin ɗakin igwarsa na tsakiya. Manjo Francis Harvey mai kula da ɗakin, yana kwance rai a hannun Allah, ya ba da umarni a rufe ƙofofin rumbu a sakar masa ruwa. Can daga baya wutar ta kama albarushin da ke hanya, harshenta ya kai tsayin turken jirgin, ta kashe kusan duk wanda ke wurin, amma ta tarar da rumbu a kulle cike da ruwa. Lion ya koma gida, alhali shi da Queen Mary kusan ƙira ɗaya ce.

Jamusawa sun riga sun sha wannan darasi. A Janairun 1915 a gumurzun Dogger Bank, wuta ta cinye ɗakunan igwa biyu na jirginsu Seydlitz, ya tsira da ƙyar, suka koma suka gyara yadda ake tafiyar da albarushi. A Jutland an sami Seydlitz fiye da sau ashirin, ya sha ruwa sama da tan 5,000, amma ya ja jiki har tashar Wilhelmshaven ta Jamus.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jiragen Jamus sun fi sulke, babban kason albarushinsu a kwanson tagulla yake, kuma nasu ci yake da wuta, ba kasafai yake fashewa irin na Ingila ba. Na yarda da wannan duka. Sai dai maƙeri ba shi ya buɗe ƙofa ba, ba shi ya ce a tara albarushi a hanya ba.

Da Queen Mary ya tashi, Beatty ya juya ya ce wa kyaftin ɗinsa da alama akwai abin da ke damun jiragensu yau. Jirage ya ɗora wa laifi. A Nuwambar 1916 aka damƙa masa shugabancin babbar rundunar jiragen yaƙin Ingila baki ɗaya.