Kumba ba za ta wanke laifin taki ba

A arewacin Italiya, inda kogin Po ke zuba cikin tekun Adiriyatik, akwai wani tafki mara zurfi da ake kira Sacca di Goro (ba ruwansa da goron da muke ci). Tun shekarun 1980 mutanen wurin suka rungumi kiwon kumbar Manila, wata halitta mai ɓawo biyu da ke binne kanta cikin laka. Masu wannan sana'a a ƙasashe da dama suna yawan cewa kiwonsu yana tsabtace ruwa, wato yana rage naitirojin, sinadarin taki da ke gurɓata ruwa idan ya yi yawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Ka ɗebi lakar bakin kogi ka duba: samanta siriri ne mai launin ruwan ƙasa, ƙasanta baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, domin oksijin ba ya kaiwa can. Kumba kan shige ciki, ta miƙo bututunta sama tana zuƙo ruwa, tana motsa laka, sai oksijin ya sami hanyar gangarawa. A nan wasu bakteriya ke mayar da amoniya naitiret (dukansu sinadarai ne masu ɗauke da naitirojin). Dab da su, inda babu iska, wasu kuma su karɓi naitiret ɗin su mayar da shi iskar naitirojin, ta tashi ta koma sama, inda dama kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa ita ce. Ramin kumba ne ya haɗa waɗannan maƙwabta biyu.

To amma kumba ma tana ci, tana kashi, tana fitar da amoniya. Idan aka cunkusa su a wuri ɗaya don riba, dattinsu sai ya cinye ɗan oksijin ɗin, naitirojin kuma ya dawo cikin ruwa a madadin ya tashi. Gansakuka ta samu abinci, ta rufe tafki, ta mutu ta ruɓe. Goro ta sha ganin haka da bazara, har kumbar kanta ta riƙa mutuwa.

Shi ya sa nake ganin masu tsara manufofin da ke dogara da kumba don tsabtace ruwa suna neman hanyar sauƙi ne kawai. Naitirojin ɗin da ya addabi Goro daga kwarin Po yake gangarowa, daga takin zamani da kashin dabbobin gonaki da ruwan dattin birane. Can ya kamata a fara rage shi, sannan a ƙayyade yawan kumbar da kowace kadada ta laka za ta iya ɗauka.