Ba Kullum Ne Laifin Tawada Ba

Mutane da yawa sun ɗauka idan rubutun jikin ledar ruwa ko ta burodi ya goge a hannu, to tawadar ce marar kyau. Sau da yawa matsalar tana fuskar ledar ne.

Robar polietilin, wadda aka fi yin irin wannan leda da ita, ba ta karɓar ruwa ko tawada. Ɗiga mata ruwa ka gani, sai ya dunƙule ya gangare. Shi ya sa kafin bugu ake bi da ledar ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki mai ƙarfi, dabarar da injiniyan Denmak Verner Eisby ya ƙirƙiro a 1951. Tartsatsin kan sa iskar oksijin ta haɗu da sinadaran saman ledar. Wurin da ya canza siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, cikin robar kuma yana nan yadda yake, amma tawada ta samu abin kamawa.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne gyaran ba ya dawwama. Ledar da ta daɗe a sito, musamman cikin zafi, sai an sake gyara ta kafin a buga.