Na'urar da ta koyi kuskure irin na yara

Makon jiya 'yata mai shekara uku ta hango garke ta taga, ta ƙwala ihu wai "Baba ga saniyoyi!" Uwarta ta gyara mata, shanu ake cewa. Ni kuwa James McClelland ne ya faɗo min a rai, malamin jami'ar Stanford a Amurka da ya kwashe sama da shekara 40 yana bin diddigin yadda tunani ke aiki.

A 1986 shi da abokin aikinsa David Rumelhart suka haɗa wani tsarin kwamfuta mai kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke sarƙe da juna, ko ƙa'idar nahawu ɗaya ba su rubuta masa ba, kalmomin Turanci kawai suka yi ta ɗura masa, in ya kuskure a ɗan gyara ƙarfin mahaɗan a sake gwadawa. Da farko ya kama hanya, da kalmomi suka yi yawa sai ya fara kwaɓawa yana manna -ed, ɗafin da ke nuna aikin da ya wuce a Turanci, inda bai dace ba, can kuma ya dawo daidai. Haka yaran Turawa ke yi, su ce goed maimakon went.

Masana harshe Steven Pinker da Alan Prince sun yi wa aikin kaca-kaca a 1988, kuma gaskiya suna da hujja, don kalma 10 aka fara ba na'urar sannan aka jibga mata 410 a tashi ɗaya, wane yaro ne ke jin magana haka?

Duk da haka ma'aunin McClelland nake goyon baya. Yau kowa murna yake wai ChatGPT, manhajar nan mai hira kamar mutum, ya ci jarrabawa, shi kuwa abin da ya dame shi ko na'ura tana tuntuɓe a inda ɗan Adam ke tuntuɓe. Ko gazawarta ma ribarta ya ci. Da aka ga irin wannan tsarin na manta tsohon karatu in aka cusa masa sabo da gaggawa, sai a 1995 shi da abokan aikinsa McNaughton da O'Reilly suka ce ai shi ya sa ƙwaƙwalwa ta raba aikin biyu, wani sashe ya cafke abu nan take, wani ya yi ta bita sannu a hankali har cikin barci.

Ita dai mutuniyar yanzu ta iya shanu. Jiya da mahaya suka wuce ta ƙofar gida ta ce in zo in ga dokoki.