Tukunyar da ƙasa ta adana, gidan tarihi ya lalata

Haba! Tukunya ta shekara 500 a binne lafiya lau, an tono ta an kai ta gidan tarihi, kafin shekara 10 ta fara ɓarewa kamar tsohon fenti. In ka tambayi masu kula da wurin sai su ce ai tsufa ne. Wane irin tsufa? Sakaci ne tsagwaronsa, kuma ya fi muni a ƙananan gidajen tarihi na garuruwan bakin tafki.

Kusanci akwatin gilashin ka dubi gindin tulun da kyau. Wannan farin gari da ya zuba kewaye da shi, gishiri ne. Yumɓun da aka gasa a wutar da ba ta kai digiri 1000 ba cike yake da ƙananan ƙofofi, duk zaman da ya yi a ƙasa yana shan gishiri. Danshin iska na haura kashi 75 cikin 100 sai gishirin ya narke, iska na bushewa sai ya sake daskarewa ya turo fatar tukunyar waje, zane da komai. A bakin tafki kuwa kullum haka ake yi: raɓa da asuba, zafi da rana, ga tagogi a wangale. Ana so danshin ɗakin ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 ba hawa da sauka. To ina na'urar aunawar? In ma akwai, za ka tarar batirinta ya mutu tun bara.

Kuma maganin ba wani abin a zo a gani ba ne. A jiƙa tulun a tataccen ruwa marar gishiri, a riƙa canja ruwan ana auna shi har gishirin ya ragu sosai, sannan a bar shi ya bushe a hankali. Wanda bai gasu sosai ba ko mai fenti a sama, ba a tsoma shi, don sai ya narke a hannunka. A cikin akwatin kuma a zuba ƙwayoyin silika masu daidaita danshi, kamar kilo 20 ga kowace mita 1 ta tsawo da faɗi da zurfi, a toshe bakin ƙofar. Akwatin ma kansa ba kowane katako ba: itacen oak da katakon da aka matse da gam suna fitar da tururi mai tsami da ke haɗuwa da gishirin ya ƙara ta'adi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne gyaran da ake yi. Kwanon yumɓu ya fashe, sai wani ya ɗauko Super Glue ko gam mai haɗi biyu ya laƙa. Gam ɗin ya fi yumɓun ƙarfi, saboda haka in an sake bugewa, sabon wuri ne zai tsage. Ga shi yana komawa ruwan ɗorawa, cire shi kuma sai da ɓarna. Ƙwararru kuwa wani gam mai suna Paraloid B-72 suke narkawa a sinadarin asiton, don duk ranar da aka ga kuskure a warware. Salatif da ake manna lamba da shi kuwa, ran ɓare shi da fatar kwanon yake tahowa.

Sai ɗauka. Ba a ɗaga tulu ta hannunsa ko ta baki, nan ne ya fi rauni, nan ne kuma tsohon gyara yake ɓuya. Hannu biyu, ɗaya a gindi.

Mai ziyara da ya biya kuɗin shiga fa, me ya samu? 'Yar takarda da aka rubuta "tsohuwar tukunya". Daga wane wuri a bakin tafkin aka tono ta, a zurfin nawa, tare da me, na wane ƙarni, shiru. Wata ma lambarta ta goge, littafin rajistar kuma fumfuna ta cinye shi a ɗakin ajiya na ƙasa, inda ruwa ke tsattsafowa ta bango.