Takardar sallama a Liyon da tukunyar Alhaji a Zango

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wata masana'antar kwali da ke bayan birnin Liyon na ƙasar Faransa, amma kewar Damagaram ba ta taɓa kama ni ba irin ta ranar da aka sallami wani dattijo ɗan asalin Maroko, wanda ya koya mini yadda ake sa wa injin yanka wuƙa ba tare da yatsa ya tafi ba. Ya yi shekara goma sha tara a wurin. Tun da kuɗin wuta da na gas suka tashi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, ciniki yake ja da baya, har masu kamfanin suka yanke shawarar rufe sashen da yake aiki, mutum shida cikin mu arba'in da ɗoriya suka rasa gurbinsu.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake sallama a nan ba zai ɗauka akwai ɗaga murya ko cacar baki, alhali komai cikin ladabi ake yin sa. Ana aiko wa mutum wasiƙa ta gidan waya, irin wadda sai ya sa hannu kafin a miƙa masa, a gayyace shi ganawa, kuma doka ta ce sai an bar aƙalla kwana biyar na aiki tsakanin isowar wasiƙar da ranar zaman. Da ranar ta zo, ya shiga wani ɗan ofis mai bangon gilashi, inda aka riga aka ajiye kwalbar ruwa da hankicin takarda a kan tebur saboda wanda hawaye zai zo masa. Matar da ke kula da harkokin ma'aikata ta karanta masa dalilai cikin murya mai taushi, ta lissafa masa haƙƙinsa: rubu'in albashin wata ga kowace shekara a goman farko, sulusi ga kowace shekara bayan nan, wato albashin wata biyar da rabi. Akwai kuma wani shiri na gwamnati da zai riƙa ba shi kashi 75 cikin ɗari na albashinsa har wata goma sha biyu, tare da jami'in da zai taya shi neman aiki. Ko dala ba a ci masa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranarsa ta ƙarshe. Ya mayar da katin da ke buɗe ƙofa da makullin akwatin kayansa, ya bi ta ɗakin cin abinci inda kowa ke zaune gaban robar abincin da ya zo da ita daga gida, ya wuce ta ƙarƙashin wani babban allo da aka rubuta cewa ma'aikata su ne dukiyar kamfani ta farko. Mun miƙa masa hannu, mun yi masa fatan alheri, ƙararrawa ta buga, kowa ya koma bakin injinsa. Ranar Litinin sunansa ya ɓace daga jadawalin aiki, kuma daga nan ban sake jin an ambace shi ba.

A daren nan tunanina ya koma kan Alhaji, ubangidana na unguwar Zango a Damagaram, wanda na yi wa yaron shago kafin in fito. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, abin da ya ɗauke ta har Disamban 2020 kafin ta buɗe, kayan da yake saro wa daga Kano suka yanke, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Ɗan Barto da ke bakin iyaka, rumfarsa ta Kasuwar Dole ta koma wurin hira. Yara tara ne a hannunsa. Ƙanena, wanda ya gaje ni a shagon, ya ba ni labarin cewa ɗaya daga cikinsu ya je ya durƙusa ya ce, “Baba, ko in tafi Agadas in nemi abin yi kafin a buɗe hanya?” Alhaji ya amsa masa da cewa, “Ɗana, ranar da ake samu tare muka ci, yau da babu ba zan ce ka tafi ba. Zauna.” Ya sayar da filinsa na hanyar Mirriya, tukunyar gidansa ba ta ragu ba, kuma da matar ɗayansu ta haihu shi ya sayi ragon suna. Haka ya sake yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sa'ad da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya toshe hanya har zuwa farkon 2024.

Wani zai ce tausayi ne kawai, ni kuwa ina ganin har da sanin kasuwa. Yaron da ya yi shekara goma a shago shi ya san dillalin da za a amince wa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, shi ya san wanda ke biyan bashi da wanda sai an bi shi har gida, kuma wannan ilimi ba ya cikin kowane littafi. Attajiran Damagaram na dā irin su Malam Yaro, waɗanda fataucinsu ya kai har Tarabulus, da amanar barorinsu suka riƙe dukiyar da ke tafiyar watanni cikin hamada. Kamfaninmu ya yi lissafin albashin da zai huta da biya, amma ya manta da abin da ke cikin kan dattijon nan, shi ya sa yanzu idan tsohon injin naɗi ya tsaya sai an kira mai gyara daga waje.

Ba zan ɓoye ba, tsarin gida yana da nasa rauni. Yaron shago ba shi da takardar aiki, ba a yi masa rajista a asusun fanshon ma'aikata na CNSS, mafi ƙarancin albashi na jika 42 da aka tsayar tun 2024 labari ne kawai a wurinsa, kuma na san waɗanda suka yi shekara goma sha biyar suna bauta ba a sallame su da jari ba. Idan ubangida ya rasu, magada suka raba dukiya, yaran watsewa suke yi. Faransa kuwa, a lokacin annobar korona ta 2020, gwamnatinta ta ɗauki nauyin mafi yawan albashin ma'aikata sama da miliyan takwas domin kada a kore su, kuma ni kaina na ci wannan moriya. Sai dai wannan alheri na hukuma ne, yana zuwa ta asusun banki, ba ya sanin sunan ƴaƴanka, kuma da zarar an biya kuɗi babu wanda ke bin wani bashin gaisuwa. Idan aka ce in zaɓa wa ɗana inda zai tarar da mummunar shekara, gidan Alhaji zan zaɓa.

Da na kawo nan a tunanina sai na ga ya kamata in je in gaida dattijon ranar Asabar, tun da zumunta a ƙafa take. A nan na gano cewa bayan shekara goma sha ɗaya muna karya kumallo a benci ɗaya, ban san gidansa ba, ban san sunan matarsa ba, lambar wayarsa kawai nake da ita, kuma saƙo ɗaya na tura masa. A Zango da an ji wannan, da an tambayi wanda ya rene ni. Shi kansa Alhaji, wanda ya cika mini kuɗin jirgi da hannunsa, sau ɗaya na aika masa da wani abu duk tsawon rufe iyakar, kuma rabona da jin muryarsa tun Babbar Sallar bara. Jiya na tambayi wani abokin aiki unguwar da dattijon yake, ya ce yana jin a Benisiyo da ke gefen Liyon yake zaune, amma shi ma bai taɓa zuwa ba.