In za ka mayar da kifi ruwa, mayar da shi da ransa

Ƙannena masu zuwa fatsa a Dadin Kowa, da ku nake yau. Ba masunta nake nufi ba, waɗanda suka gaji koma da birgi kuma da su suke ci da iyali. Ina nufin ku da kuke haɗa kuɗin mai ranar Asabar, ku taso daga cikin Gombe da sandar fatsa da wayoyinku, ku yini a bakin dam. Na ji daɗi da na ga wasunku sun fara mayar da ƙananan kifaye ruwa. Sai dai yadda kuke yi ne ya dame ni.

Da idona na ga wani matashi ya kamo karfasa wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ya fizge ƙugiyar da ƙarfi, ya ajiye ta a kan yashi mai zafi yana lalubar waya, ya kama ta da gefen rigarsa, abokai uku kowa ya karɓa aka yi masa hoto. Sannan ya wurga ta can tsakiyar ruwa yana cewa ya 'yanta ta. Ba a jima ba sai ga ta ta taso, ciki a sama. Wallahi da ya kai ta gida an soya, da ya fi.

Yauƙin nan da kuke ƙyama a jikin kifi shi ne rigarsa. Shi ke tsare shi daga ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwa. Busasshen hannu da tsumma da yashi duk suna goge shi, har su tafi da ɓawon jikin. Kifin zai iya yin iyo ya ɓace maka, ka koma gida da farin ciki, bayan kwanaki ciwo ya ci wurin ya mutu ba ka sani ba. Don haka kafin ka taɓa shi, tsoma hannunka a ruwa. In da hali ma kada ka fito da shi, cire ƙugiyar yana cikin ruwan. In dole sai an yi hoto, abokinka ya shirya waya tukuna, ka ɗaga shi a kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya wajen wutsiya. Ka riƙe numfashinka lokacin da ka ɗaga shi. Da ka ji kana neman iska, to shi ma ya kai maƙura.

Kada ka cusa yatsa cikin jan naman da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Da shi yake numfashi, kuma da ya fara zubar da jini daga nan, da wuya ya kai labari. Irin wannan ba na mayarwa ba ne, na tukunya ne. Haka in ya haɗiye ƙugiya ta wuce can ciki, kada ka tsaya tonon cikinsa. Ko dai ka yanke zaren daf da bakinsa ka sake shi, ko ka tafi da shi gida. Kuma tun kafin ka sa koto, ɗauki filaya ka danne ɗan haƙorin nan da ke bayan tsinin ƙugiya. Wani lokaci kifi zai kuɓuce maka, gaskiya ne, amma cirewa za ta zo da sauƙi, daga bakin kifi ko daga yatsanka ranar da tsautsayi ya faɗa.

Kada tarwada ta ruɗe ku. Ita Allah ya ba ta hanyar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kuke ganinta a kasuwa tana motsi cikin bahon da ruwansa bai rufe ta ba. Karfasa da giwan ruwa ba su da wannan juriyar. Ga shi ruwanmu a watan Maris da Afrilu yana ɗumi ƙwarai, ruwan ɗumi kuwa iskar da ke cikinsa kaɗan ce, sai kifin da aka wahalar ya kasa farfaɗowa. Idan ka ga ƙwai ko 'ya'ya a bakin karfasa, renonsu take yi a baki. Mayar da ita nan take, ba hoto.

Ku ma ku kula da kanku. Kurungu yana kafe ƙayoyinsa ya ƙi lanƙwasawa, tarwada ma tana da ƙaya a gefe biyu, don haka a kama su ta bayan ƙayar. Kifin tsage kuwa haƙora gare shi, filaya ce ke shiga bakinsa. Minjirya kuwa, mai jan mutum kamar lantarki, yanke zare kawai, kada a taɓa. Wanda ƙaya ko ƙugiya ta soke, ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar tetanus.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wurin yanka. To ina ga halittar da ka ce ka bar ta ta rayu? Durƙusa a bakin ruwa, ka sa shi a hankali, bayansa a sama, ka tallafe shi da hannu biyu. Za ka ga murfin kumatun yana buɗewa yana rufewa. Kada ka yi gaggawa, wani yakan ɗauki minti biyu ko fiye. Da ƙarfinsa ya dawo za ka ji ya buga wutsiya a tafinka, sai ka buɗe hannu.